Kurakuran masu leƙen matasan 'yan hokin ƙanƙara, da yadda nake kauce musu

Duk shekara, da zarar watan Yuni ya kunno kai, sai jerin sunaye su fara yawo. Kowa ya zama gwani. Yaron da ya fara kallon hokin ƙanƙara bara waccan zai turo mini nasa jerin, wai in duba masa, ga wanda ya kamata ƙungiya kaza ta ɗauka. Ba na ƙin dubawa. Abin da ya ishe ni shi ne kuskuren da na gyara wa wani bara, shi zan tarar a takardar wani bana, ko waƙafi bai canja ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa.

Ga wanda bai saba ba, gasar NHL ta Amurka da Kanada tana da ƙungiyoyi 32. Zaɓen matasan da suke kira diraf zagaye 7 ne, kowace ƙungiya da gurbinta a kowane zagaye, 224 ke nan, kuma ana cinikin guraben. Waɗanda kakar da ta wuce ta yi wa tsiya su ke fara zaɓa, ƙuri'a ce ke fitar da na farko. Yaro sai ya cika shekara 18 zuwa ranar 15 ga Satumba ta wannan shekarar. To ɗan 18 ake zaɓa, amma mutumin da zai zama a shekara 23 ko 24 shi ake nema. Yawancin ɓarnar da zan lissafa daga mance wannan take fitowa.

Na farko, wanda ya fi ƙona mini rai, shi ne bautar tsayi.

A 2003 New York Rangers suna da gurbi na 12. Suka ɗauki Hugh Jessiman, ƙato mai ƙafa 6 da inci 6. Wasa 2 kacal ya buga a NHL duk rayuwarsa, su ma ba a rigar Rangers ba, a Florida ya buga su. Ku duba waɗanda aka bari a tebur: Dustin Brown na 13, Brent Seabrook na 14, Zach Parise na 17, Ryan Getzlaf na 19, Brent Burns na 20, Corey Perry na 28, Patrice Bergeron can na 45. Ko ido rufe mutum ya nuna suna a wannan shekarar, da wuya ya faɗi. Su kuwa tsayi suka gani. Bayan shekara 7 suka sake, suka ɗauki Dylan McIlrath na 10 don ya zama dodon bayansu, alhali Cam Fowler da Vladimir Tarasenko suna zaune suna jira.

Yanzu juya takardar. Martin St. Louis, ƙafa 5 da inci 8, ba ƙungiyar da ta zaɓe shi ko a zagayen ƙarshe. A 2004 shi ne ya fi kowa maki, wato jimillar ƙwallayen da ya ci da waɗanda ya taimaka aka ci, shi ne gwarzon gasar, kuma ya ɗaga kofin Stanley, kofin zakarun NHL, da Tampa Bay. Johnny Gaudreau, wanda ya rasu a 2024, sai na 104 Calgary ta ɗauke shi a 2011, ga shi a kakar 2021 zuwa 2022 ya tara maki 115. Alex DeBrincat ya ci ƙwallo 51 kaka biyu a jere a ƙungiyar matasa ta Erie, amma a 2016 aka bar shi har na 39, daga baya ya ci 41 sau biyu a Chicago. Brayden Point ya tara maki 91 a ƙungiyar matasa ta Moose Jaw, aka ce ƙarami ne kuma gudunsa bai kai ba. Tampa Bay ta ba Minnesota gurbin zagaye na 7 don kawai ta matsa gaba da mataki ɗaya ta kama shi a na 79. Ƙwallo 14 ya ci a wasannin neman kofi na 2020, ya sake cin 14 a 2021, kofi biyu a jere. Kuma har yanzu ba a daddara ba: Lane Hutson ya zauna har na 62 a 2022, a 2025 aka ba shi kambun gwarzon sababbin 'yan wasa.

Wannan cuta ta taɓa raba ni da aiki. Akwai wata ƙungiyar matasa da nake rubuta wa rahoto kyauta, ina bin filayen ƙananan garuruwa cikin sanyin da ke daskarar da gemu. Na kawo sunan wani yaro siriri, na ce duk inda ƙwallo za ta faɗi yana riga kowa zuwa. Babban da ke jagorancin taron bai ko buɗe takardar ba. Ya tambayi tsayin yaron, aka faɗa, ya ture ta gefe, ya ce ba a koya wa mutum tsayi. Na ce masa ai kai ma ba a koya wa mutum, kuma wanda yake so ɗin sai ƙwallo ta wuce shi yake waiwayowa. Muryoyi suka tashi. Daga ranar ba a sake kirana taro ba. Har yau idan na ji wannan maganar ta tsayi a bakin sabon shiga, sai in ji jinina ya hau.

Ku fahimce ni, girma ba laifi ba ne. Zdeno Chara ƙafa 6 da inci 9 ne, kuma ya jagoranci Boston zuwa kofi a 2011. Detroit ta ba mutane mamaki da ta ɗauki Moritz Seider na 6 a 2019, kuma ta yi daidai. Amma su waɗannan sun iya wasa, girman ƙari ne. Matsalar ƙaton yaro a gasar matasa ita ce yana ture 'yan shekara 16 da ƙirji, ba ya bukatar dabara, saboda haka ba ya koyonta. Ranar da ya shiga cikin manya, kowa ƙato ne, ƙirjin ya daina aiki. Ƙaramin kuwa tun yana ɗan 10 yake rayuwa cikin waɗanda suka fi shi, ya riga ya san hanyar tsira. Mai sayen rago da ya tsaya kan ƙaho bai taɓa gadon baya ba, shi ya san abin da zai tarar ranar yanka.

Abin da nake yi: ba na duba tsayi da nauyi sai na gama rubuta rahoto. Ina rufe wannan layin da takarda. Sannan a wasa ɗaya cikin waɗanda zan kalla, ba na bin ƙwallo da ido ko kaɗan, yaron kawai nake bi. Shin yana waiwaye kafin ƙwallo ta iso gare shi? Idan an matse shi a bango, yana fita da ita ko jefar da ita yake? Wasu abokan aiki suna ganin wannan ɓata wasa ne. Ni da shi nake aiki.

Na biyu, wanda shi ma ba na iya yin shiru a kansa: zaɓe don toshe ramin yau.

Za ka ji mutum ya ce ƙungiyarmu ba ta da ɗan tsakiya, dole mu ɗauki ɗan tsakiya. Haba malam! Yaron nan sai nan da shekara uku ko huɗu zai yi maka amfani. Kafin nan kocin ya tafi, wataƙila manajan ma an sallame shi, rabin 'yan wasan an sayar. Ramin da kake kuka da shi ya cike, wani ya buɗe a wani gefen. Montreal ta daɗe tana ƙishin ɗan tsakiya, sai a 2018 ta ɗauki Jesperi Kotkaniemi na 3. Ottawa ta ce alhamdulillahi, ta ɗauki Brady Tkachuk na 4, wanda ya zama kyaftin ɗinta a 2021. Quinn Hughes ya tafi Vancouver na 7, a 2024 aka zaɓe shi gwarzon 'yan baya. Shi kuwa Kotkaniemi, a 2021 Carolina ta yi masa tayin dala miliyan 6.1 na shekara ɗaya, Montreal ta ƙi biya, ya tattara ya tafi. Ramin da aka zaɓe shi dominsa yana nan, shi ba ya nan.

Wai kada 'yan gefe su yi mana yawa. To su yi yawan mana! Gwani haja ce, ko yaushe akwai mai saye. Idan kana da 'yan gefe nagari guda biyar, ka sayar da ɗaya ka sayo ɗan tsakiyar da ya riga ya nuna kansa. Wanda ba za ka iya sayarwa ba shi ne matsakaicin yaron da ka ɗauka saboda sunan gurbinsa. Ni a jerina ba na rubuta gurbin da yaro ke bugawa sai in mutum biyu sun yi kunnen doki har na rasa na fifitawa. A nan ne kawai nake barin ɗan tsakiya ko ɗan baya ya wuce ɗan gefe.

Sauran ba sai na ɗaga murya ba, amma su ma suna ci.

Karanta maki ba tare da tambayar wa ke gefensa ba. Sam Gagner ya tara maki 118 a ƙungiyar matasa ta London da ke Kanada yana bugawa tare da tauraronta, Patrick Kane. Ya yi doguwar rayuwa a NHL, amma bai zama abin da lambar ta yi alkawari ba. Ni ina ware makin da yaro ya samu lokacin da ɓangarorin biyu suke biyar da biyar, in ajiye na lokacin da aka fitar wa abokan hamayya da mutum. Sannan in nemi wasannin da tauraron ƙungiyar bai buga ba.

Mance ranar haihuwa. Wanda aka haifa a ƙarshen Satumba da wanda aka haifa a Agusta ta gaba zaɓe ɗaya suke shiga, alhali kusan shekara ce tsakaninsu, kuma a wannan shekarun shekara ba wasa ba ce. Auston Matthews kwana 2 ne suka hana shi shiga zaɓen 2015, ya tafi Zurich ya buga da manya kafin Toronto ta ɗauke shi a 2016. Alexander Ovechkin ma ranar 17 ga Satumba aka haife shi, har Florida ta yi ƙoƙarin ɗaukarsa tun 2003 da hujjar cewa idan aka cire ranakun 29 ga Fabrairu ya isa. Hukumar gasar ta ce a kai kasuwa.

Yanke hukunci da gasar matasa ta duniya da ake farawa ranar 26 ga Disamba. Mako biyu ne, wasa 7 in an yi nisa. Kowa na hutu, kowa na kallo, shi ya sa take rinjayar hankali fiye da ƙimarta. Ni ba na matsar da suna sama ko ƙasa sai an koma gida an yi wata guda.

Gwajin ƙarfi da ake yi kafin zaɓe. A 2014 Sam Bennett ya kasa ɗaga jikinsa a jikin ƙarfe ko sau ɗaya, aka yi ta masa dariya. A 2025 shi ne gwarzon wasannin neman kofi da Florida. Ba a ɗaga ƙarfe a kan ƙanƙara.

Gola da wuri. Islanders sun ɗauki Rick DiPietro na 1 a 2000, suka sayar da golansu Roberto Luongo a ranar, daga baya suka ba DiPietro kwantiragin shekara 15, suka ƙare da biyansa ya tafi a 2013. A wannan zaɓen na 2000 ne aka ɗauki Henrik Lundqvist na 205. Connor Hellebuyck na 130 ne, Igor Shesterkin na 118. Na san za a kawo mini Carey Price da Andrei Vasilevskiy, gololin da aka ɗauka a zagayen farko kuma suka yi fice, na yarda. Duk da haka ni gola biyu a zagayen baya sun fi mini ɗaya a zagayen farko, domin babu gurbin da ya fi shi wuyar hasashe.

Tsoron fasfo. Ana gudun ɗan Rasha wai ba zai zo ba. Haka Nikita Kucherov ya faɗo na 58 a 2011, Kirill Kaprizov na 135 a 2015. Minnesota ta jira Kaprizov shekara 5, kuma ba wanda ya ji tana nadama.

Raina zagayen ƙarshe. Detroit ta samu Pavel Datsyuk na 171 a 1998 da Henrik Zetterberg na 210 a 1999 domin tana da mutum a Turai, Håkan Andersson, kuma tana sauraronsa. A can ƙasa ka nemi yaron da ya gwanance a abu ɗaya ƙwarai, ka bar wanda komai nasa tsaka-tsaki ne.

Akwai kuma masu cewa a faɗi da gangan don a samu na ɗaya. Buffalo ta ƙare a ƙasan tebur a 2015 da ido a kan Connor McDavid, ƙuri'a ta ba Edmonton. Jack Eichel da suka samu gwani ne, amma kofinsa a Vegas ya ɗaga shi a 2023. Na ɗayan ma ba tabbas ba ne: Alexandre Daigle a 1993, Patrik Stefan a 1999, Nail Yakupov a 2012. Chris Pronger, gwanin ɗan baya, shi ne ya biyo bayan Daigle.

Sai rashin haƙuri bayan an zaɓa, wanda ke rusa duk wahalar da aka sha. Washington ta ɗauki Filip Forsberg na 11 a 2012, ba a yi shekara ba ta miƙa shi ga Nashville don ta samu Martin Erat ya taimaka mata a kaka ɗaya. Ƙwallo 2 Erat ya ci musu. Forsberg yanzu shi ne ya fi kowa cin ƙwallo a tarihin Nashville. Tage Thompson, na 26 a 2016, ya yi shekaru ana kiransa asara, sai ga 38 a kaka ɗaya, 47 a ta gaba. Ni ba na sa wa zaɓe maki sai ya shekara 5, dogaye da 'yan baya kuma ina ƙara musu ɗaya. Saboda haka masu turo mini saƙo washegarin zaɓe suna tambaya wa ya ci wa ya faɗi, ku adana tambayar, ku sake turo ta idan yaran sun kai 23.