Yadda za ka kare sabar imel ɗinka daga masu cankar fasuwod

In kana da sabar imel, buɗe /var/log/mail.log (fayil ɗin log da sabar ke rubuta duk abin da ke faruwa a ciki) yanzu ka duba, za ka ga layi bayan layi na "SASL LOGIN authentication failed", wani yana gwada shiga da sunayen akawun irin su admin, info, sales, test, dare da rana ba hutu. Ba mutum ba ne zaune yana bugawa, kwamfutocin mutane ne da aka yi wa kutse ake juya su. Kuma ranar da suka dace da akawun ɗaya mai fasuwod 123456 shikenan, sai su dinga tura saƙonnin damfara da sunanka har Gmail ta daina karɓar wasiƙunka.

Fara da ƙofa (port) ta 25. Wannan ƙofar ta saba da saba ce, ba dalilin da zai sa a shiga da fasuwod ta nan, don haka a Postfix (manhajar da ke aikawa da karɓar imel) kashe smtpd_sasl_auth_enable, saitin shiga da fasuwod, a fayil ɗin main.cf, ka kunna shi a master.cf kan ƙofa ta 587 ko 465 kawai tare da TLS (mai ɓoye bayanai a kan hanya) dole. In ba mai amfani da POP3 (wata hanyar sauke imel zuwa na'ura) rufe ƙofofinsa 110 da 995 gaba ɗaya.

Sai Fail2ban, shi yana karanta log ɗin ne ya toshe duk adireshin IP da ya cika kuskure. Yadda yake zuwa, kuskure 5 cikin minti 10 toshewar minti 10, gaskiya wannan yayi kaɗan, ƙara bantime ɗin (tsawon toshewar) kuma ka kunna recidive (doguwar toshewa ga wanda aka sha toshewa) saboda masu naci. Don Allah kar ka manta da sa adireshinka a ignoreip (jerin adireshin da ba a toshewa), domin waya ɗaya da ta riƙe tsohon fasuwod tana ta gwadawa ta isa ta jawo a kulle ofis guda a waje.

Inda Fail2ban ke gazawa shi ne in sun zo da dubban adireshi kowanne gwaji ɗaya tak. Nan CrowdSec, wani mai toshewa irin Fail2ban, yafi amfani tunda masu amfani da shi na raba jerin miyagun adireshi tsakaninsu, amma dogon fasuwod da goge akawun ɗin waɗanda suka bar aiki su ne maganin gaske.

Maganar canza manhajar sabar imel don guje musu kuwa, ko ka koma wata za su biyo ka. Ni dai sai in an daina gyara taka, kamar hMailServer, zan ce ka tashi. Postfix da Dovecot (manhajar da ke ba mutane damar karanta imel ɗinsu) sun daɗe ana gwada su, in kuma haɗa su da hannu zai wahalar da kai ɗauki Mailcow, wanda ya zo da su a haɗe, yana tafiya kan Docker (manhajar da ke gudanar da shirye-shirye a keɓe) da nasa mai toshewa a ciki, sai dai fa yana cin RAM sosai, ƙaramar saba ba za ta ɗauke shi ba.