Yadda ake shirya tattaki zuwa matsirgar Dahna a Tanuma

Yawancin Hausawan da ke zaune a Makka da Jidda sun saba da hawa Ɗa'ifa idan zafi ya matsa, amma kaɗan ne daga cikinmu suke ci gaba da bin duwatsun Sarawat zuwa kudu, inda ruwa yake zubowa daga kan dutse kamar yadda muka san matsirga a gida. Larabawa suna kiran irin wannan wuri shallal, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka fi sauƙin kaiwa shi ne na Dahna da ke Tanuma a lardin Asir, kimanin kilomita 120 arewa da Abha.

Abin da ya kamata a fara yankewa shi ne ranar tafiya, domin matsirgar Dahna ba ta gudu duk shekara. Ruwan sama ne yake rayar da ita, kuma a wannan yanki an fi samunsa daga Maris zuwa Mayu, sannan a Yuli da Agusta. Wanda ya je a lokacin fari zai tarar da busasshen dutse, wanda kuma ya je ana tsakiyar ruwa ya saka iyalinsa cikin haɗari. A ganina lokacin da ya fi dacewa shi ne kwana ɗaya ko biyu bayan an yi ruwa mai ƙarfi, sa'ad da matsirgar take zuba amma ƙarfin ambaliya ya riga ya wuce. A duba sanarwar hukumar hasashen yanayi ta ƙasa a daren da za a tashi, a sake dubawa da asuba, kuma idan an ba da gargaɗi a kan Asir, a ɗage tafiyar ko da an riga an kama masauki.

Daga Makka ana hawa ta Hada ko ta Sail zuwa Ɗa'ifa, a bi hanyar kudu ta Baha da Baljurashi da Namas. Tafiyar ta haura kilomita 400 daga Ɗa'ifa, kuma hanya ce mai kwana-kwana, saboda haka ya fi kyau a kwana a Namas ko a Tanuma a yi tattakin da safe. A gwada birki kafin a tashi, kuma kowa ya riƙe igamarsa, wato katinsa na izinin zama a ƙasar.

Tafiyar ƙafa daga inda ake ajiye mota ba ta da nisa, sai dai garin yana sama da mita 2,000 daga teku, kuma wanda ya saba da iskar Jidda zai ji numfashinsa yana sama-sama tun bai yi nisa ba. A tafi a hankali, a sa dattawa da yara a gaba domin kowa ya bi takunsu. Silifas da muke yawo da su a unguwa ba su da amfani a nan, domin dutsen da ruwa ya jiƙa yana yin gansakuka, santsinsa kuwa ba ya ba mutum damar gyara tsayuwa. A sa kambas mai ƙasa mai kaushi, a ɗauki rigar sanyi ko da a watan Agusta ne, da ruwan sha, da dabino, da shayi a fulas. Mai doguwar riga ko abaya ya ɗan tattare ta yadda zai riƙa ganin inda yake sa ƙafa.

Idan an isa, a zauna a gefe a wuri mai tudu. Kada a shimfiɗa tabarma a cikin kwarin da ruwa yake bi, ko da a bushe yake. Wannan ne abin da baƙi suka fi sakaci da shi: ana iya yin ruwa a can saman duwatsu alhali rana tana haskawa a inda kuke, sai ambaliya ta sauko ɗauke da duwatsu da itace cikin 'yan mintuna. Idan ruwa mai garai-garai ya fara komawa ja, ko yawansa ya ƙaru, ko aka ji ruri daga sama, a hau tudu nan take, a bar kayan. Haka nan kada a bar yara su shiga kududdufin da ke ƙarƙashin matsirga, domin zurfinsa ba ya bayyana ga ido, ƙasansa kuma laka ce. Lambar jami'an ceto ita ce 998, ta motar asibiti kuma 997.

Birai suna da yawa a waɗannan duwatsu, kuma sun saba da mutane har sun daina tsoro. Kada a ba su abinci, a rufe gilashin mota, kuma kada yaro ya riƙa yawo da leda a hannu. Bishiyoyin ar'ar da ke lulluɓe da gangaren suna daɗewa kafin su girma, don haka ba a karya reshensu domin hura wuta, sharar da aka tara kuma a koma da ita mota.

A yi niyyar juyowa kafin la'asar. A wannan lokaci ne hadari ya fi haɗuwa, hazo mai kauri kuma yakan taso daga ɓangaren Tihama, wato shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke tsakanin duwatsun da Bahar Maliya, ya rufe hanya har direba ya kasa ganin motar da ke gabansa. Matafiyi yana da rangwamen kasaru, saboda haka a yi azahar a gefe mai tsabta, a tattara yara, a kama hanyar masauki tun gari yana da haske.