Kafin ka ba da kuɗin gida a Maraɗi

Aikina gini ne, kuma yawancin masu kirana in duba musu gida sai sun riga sun biya suke tunawa da ni. Abin yana ci mini rai, don kuɗin gida gumin shekaru ne. Ga abin da nake son mutum ya ji tun kuɗin na hannunsa.

A garin nan da damana ake duba gida. Cikin bazara kowane gida lafiyayye ne. Ka je a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, ka ga inda ya kwana. Ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta cinye tsohon gari da ke cikin fadama har aka hauro tudu, kuma a damanar 2024 duk mun ga yadda gidaje suka zube. Kada ka ce ai unguwar tana kan tudu. Ko a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo, layi ɗaya yana iya zama hanyar ruwa, na bayansa kuma a bushe.

In ba ka iya jiran damana, bango zai gaya maka gaskiya. Durƙusa a waje ka duba gindin katanga, daga ƙasa zuwa gwiwa. In ka ga fari-fari kamar kanwa, ko shafen siminti ya kumbura, danshi ne ke hawa. Ƙwanƙwasa da makulli: in ya yi ƙarar fanko, simintin ya rabu da bango, wani lokacin ma ginin ƙasa ne aka lulluɓe. Ginin ƙasa ba aibi ba ne, a cikinsa muka tashi, amma kada a sayar maka da shi a kuɗin bulo. Sabon fenti a ƙasan bango kaɗai, ka tambayi abin da aka rufe. Tsagewar da ta tashi daga kusurwar taga ta karkace zuwa sama, sau da yawa tushe ne ya zauna, kuma gyaransa na da tsada. Sai ka tsaya a bakin zaure ka gwada tsakar gida da titi. In tsakar gidan ta fi zurfi, ni ba na ba kowa shawarar saye, sai in ya ware kuɗin ciko. Ka leƙa masai, ka ga kuma inda ruwan wanka ke fita, don nan ne faɗan maƙwabta ke farawa.

Takarda kuwa, kada ka yarda da fotokofi. Ka riƙe takardar fili ta asali, wadda ake kira akit da sesiyon, ka gwada sunan da ke jiki da katin shaidar mai sayarwa. Ku je meri, wato ofishin magajin gari, tare a duba lambar filin a rajista, don an sha sayar da fili ɗaya ga mutum biyu. In akwai titir fonsiye, wato takardar mallaka ta dindindin, ya fi ƙarfi. Ka kawo mai awon fili ya nuna maka duwatsun iyaka huɗu. Katanga takan ci titi ko filin maƙwabci. Kuɗin noter kuma, wato mai tabbatar da takardar ciniki a hukumance, kada ka ji ƙyashinsa.

Gidan gado shi ya fi ba ni tsoro. Babban wa zai ce maka ya isa da ƙannensa, alhali akwai ƴar uwa da ke aure a Katsina ba ta ma ji labari ba. Ranar da ta zo, haƙƙinta na nan, kai ne a tsakiya. Ka nemi takardar kotu mai sunayen magada da wanda suka wakilta, mata da maza.

La'adar dillali a yanke ta kafin ciniki, a san mai biya. A biya kuɗi gaban shaidu, mai unguwa ya sani, a rubuta ranar miƙa makulli, musamman in da ɗan haya a ciki. Ka karɓi takardun biyan kuran da na pampo na ƙarshe, ka rubuta lambar da kontar kuran ta nuna, sannan ka je NIGELEC, kamfanin lantarki, a mai da ita sunanka.

Kai kuma mai sayarwa, don Allah ka faɗi aibin gidanka. Ɗakin da ke yoyo ka nuna shi, a rage abin da za a rage, ka ci halal.

Ranar komawa sabon gida, tashi da sassafe ya fi, kafin rana ta yi zafi, in damana ce kafin hadarin la'asar. Buhunan hatsi, gado da randuna amalanke ta isa. Kwanukan uwargida da firji a sa su a mota, firjin a tsaye, kuma a bar shi ya huta sa'o'i kafin a kunna. Takardun gida su zauna a jikinka, ba cikin akwati ba. Ka canza makullan ƙofar waje a ranar, a yi ƴar sadaka, ka zaga ka gaida maƙwabta da limamin unguwa, ka tambaye su ranakun da pampo ke ɗaukewa don ka san yawan jarkar da za ka tanada.