Kurakuran da makiyaya suka fi yi da tsiron halojiton

Halojiton tsiro ne mai shekara ɗaya da ke jure gishiri, wanda asalinsa busassun filayen Asiya ta Tsakiya ne. An fara ganinsa a Amurka a 1934 kusa da garin Wells na jihar Nevada, daga nan ya bazu a filayen kiwo na yammacin ƙasar har majalisar dokokin Amurka ta kafa dokar yaƙi da shi a 1952.

Kuskuren da ya fi cin dukiya shi ne a kora tumaki masu yunwa cikin filin da ya cika da shi, musamman bayan doguwar tafiya ko da zarar an sauke su daga mota. Ganyensa na tara sinadarin okzalet, wani lokaci har kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyin busasshen tsiron. Idan sinadarin ya shiga jini sai ya kama kalsiyam ɗin jiki ya kuma lalata ƙoda, tunkiya ta fara tangaɗi, ta kwanta, kafin wayewar gari ta mutu. Ƙasa da kilo ɗaya ya isa ya kashe wadda cikinta ba komai, alhali ƙosasshiya na iya cin fiye da haka ta tashi lafiya. Gyaran shi ne a ƙosar da garke da ciyawa mai kyau kafin a ratsa wurin, a haɗa musu da kalsiyam a abinci, kuma kada a shayar da su sannan a sake su nan take, domin dabbar da ta kashe ƙishirwa takan afka wa duk abin da ta tarar. Idan ana bari su ɗan taɓa shi kaɗan-kaɗan na 'yan kwanaki, ƙwayoyin bakteriya da ke tumbinsu sukan saba da narkar da gubar.

Wasu kuma suna ɗauka cewa busasshen tsiro ba shi da haɗari, alhali gubar ƙaruwa take yi yayin da yake ƙosawa, shi ya sa asara ta fi yawa a kaka da hunturu.

Rikita shi da ɗanyen salsola, wani tsiro mai ƙaya da ke kama da shi tun yana ƙarami, ma ba baƙon abu ba ne. A duba ganyen da kyau: na halojiton gajere ne, mai ruwa-ruwa, mulmulalle, da siririn gashi guda a tsininsa da farin gashi kamar auduga a gindinsa.

A ganina, kuskuren da ya fi wuyar gyara shi ne dogaro da feshin maganin kashe ciyawa kaɗai. Tsiron na zubar da iri kala biyu: baƙi mai tsirowa da wuri, da ruwan ƙasa mai iya kwanciya shekara 10 a ƙasa. Ga shi kuma yana jawo gishiri daga ƙarƙashi ya zube shi a saman ƙasa idan ya mutu, sai wurin ya ƙi karɓar wasu tsirrai. Tunda ba ya iya gogayya da ciyayi masu daɗewa, abin da ke aiki shi ne a shuka su bayan feshin, a kuma ɗaga wa filin ƙafa daga kiwo har su kafu.