Yadda ake gyara tsohon hon ɗin keke mai roba

Hon ɗin da ake nufi a nan shi ne mai ƙwallon roba a baya da bututun ƙarfe mai buɗaɗɗen baki kamar na kakaki, irin wanda ake gani a kan tsofaffin kekunan Raleigh da Phoenix, wanda kuma masu tallar askirim a keke suke amfani da shi har yanzu. Yawancin waɗanda na ga sun lalace gaba ɗaya, hannun mai gyara ne ya ƙarasa su, domin ya fara lanƙwasa abin da wanki kawai yake bukata.

Da farko a jiƙa wuyan robar da ruwan ɗumi don ta yi laushi, sannan a murɗa ta a hankali a zare. Idan an cire ta za a ga ɗan siririn bututu wanda aka kwantar da falle guda na tagulla a kan tsagarsa, kaurinsa bai fi na reza ba. Wannan fallen shi ne harshen hon, kuma shi kaɗai ne yake fitar da sauti. A goge wurin, a sa baki a hura. Idan ya yi ƙara, laifin na robar ne, kuma babu dalilin taɓa harshen. Idan bai yi ba, a leƙa cikin bututun tukuna, saboda zanzaro yakan gina ɗakinsa a ciki idan keke ya daɗe a jingine.

Aikin harshen ne yake bukatar haƙuri. Iska tana tura shi ya rufe tsagar, shi kuma ya dawo da ƙarfin kansa, kuma wannan kai da komowar cikin sauri ita ce ƙarar da muke ji. Saboda haka tilas a sami 'yar tazara tsakanin bakinsa da tsagar. Idan ta yi faɗi, sai iska ta wuce fuu babu sauti. Idan ya manne, sai a ji robar ta yi tauri, hon kuma ya yi shiru. Kafin a yanke hukunci a kan tazarar, a zura farar takarda a ƙarƙashinsa, a danna shi kaɗan da yatsa, a ja takardar waje, a maimaita har ta daina fitowa da ƙurar hunturu da koren dattin tagulla. Idan dattin ya kafe, ruwan lemun tsami yana narkar da shi cikin minti 10, amma a ɗauraye da ruwa a shanya ya bushe sarai. Kada a ɗiga masa mai ko kaɗan, domin mai yana tara ƙura, ya kuma liƙe harshen.

Sai bayan wannan ne ake gyara tazarar, kuma ni ban yarda a kawo filaya kusa ba. Da ita na ɓata hon na farko da na taɓa buɗewa, ta bar karaya a tsakiyar harshen, daga nan bai sake yin komai ba sai gurnani. A zura reza a ƙarƙashinsa har kusa da gindi, a ɗaga kaɗan, a saki, a hura a saurara. Tazarar da takarda biyu za su shige ta isa a fara da ita, sauran kuma kunne ne zai faɗa.

Robar da ta huje ana yi mata faci kamar na tayar keke, amma wadda ta bushe ta tsattsage ba ta cancanci kuɗin gam ba, gara a sayi sabon hon mai araha a cire tasa a sa wa tsohon. Wajen ɗaurawa a kan keken, a naɗa guntun roba a ƙarƙashin maɗaurin kafin a ƙara noti, a kuma karkata bakin ƙasa kaɗan don kada ruwan sama ya taru a ciki.