Yadda ake bibiyar yaɗuwar cuta a ƙaramin gari lokacin annoba

Alƙaluman da NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta Najeriya, ke fitarwa lokacin annoba galibi na jihohi ne. Ba za su gaya wa hakimi ko shugaban asibitin gari mai mutum dubu arba'in ko cutar na ƙaruwa a unguwanninsu ba. Wannan lissafi sai 'yan garin sun yi da hannunsu, kuma kayan aikinsa ba su wuce babban littafin rajista, fensir, takarda mai ƙananan gidaje irin ta 'yan lissafi da waya ɗaya ba. Kwamfuta na sauƙaƙa aikin, amma ba dole ba ce.

Kafin a rubuta sunan kowa, a je wurin jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, wanda ma'aikatan lafiya ke kira DSNO. Kowace ƙaramar hukuma a Najeriya tana da shi, kuma ta hannunsa rahoto ke tafiya jiha, daga nan Abuja. A karɓi rubutacciyar ƙa'idar da ke cewa wane ne ake ɗauka yana da cutar. Ƙa'idar tana raba mutane gida uku: wanda ake zargi saboda alamun da ya nuna, wanda ake kyautata zaton ita ce, da wanda gwaji ya tabbatar. Kada a cuɗa ukun nan a jimla guda, kada kuma a sauya ƙa'idar a tsakiyar tafiya ba tare da an rubuta ranar da aka sauya ba. Idan wannan makon ana ƙirga mai zazzaɓi da tari, makon gobe aka ƙara da mai zazzaɓi kaɗai, adadin zai yi tsalle alhali ba abin da ya canza a gari.

A cikin rajistar, mutum ɗaya layi ɗaya. Ana ba shi lamba, a rubuta suna, shekaru, namiji ko mace, unguwar da yake kwana, ranar da ciwon ya fara, ranar da ya zo asibiti, ranar da aka ɗauki samfur, sakamakon gwajin, da yadda ya ƙare: ya warke, yana kwance ko ya rasu. Gurbi biyu ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, kuma su ne mafiya muhimmanci. Na farko unguwa. Ranar kasuwa mutanen ƙauyuka kan cika asibiti, idan aka lissafa su da sunan garin za a ga kamar cutar ta ɓarke a cikin gari, alhali tushenta wani ƙauye ne mai nisan kilomita goma. Na biyu ranar da ciwon ya fara. Majinyaci ba kasafai yake riƙe kwanan wata ba, don haka a tambaye shi da abin da ya sani: kafin Juma'ar da ta wuce ne ko bayanta, ya ci kasuwar ranar Talata ko ciwon ya hana shi.

Sai a yi hattara da maimaici. Mutum ɗaya zai je asibitin sha-ka-tafi a rubuta shi Muhammadu, ya wuce babban asibiti a rubuta Mamman, ko mace a rubuta ta da sunanta a nan, can kuma da sunan mijinta. Duk ƙarshen mako a zauna a gwada shekaru, unguwa, lambar waya da ranar fara ciwo, a soke na biyun.

Daga rajistar ake fitar da zane. A ƙasan takarda a jera ranaku, kowane majinyaci a cika masa gida ɗaya a kan ranar da ciwonsa ya fara, ba ranar da sakamako ya dawo ba. Dalili kuwa, samfurin ƙaramin gari yakan jira mota, ya je ɗakin gwaji a babban birnin jiha ya bi layi, sakamakon kwana biyar ya dawo rana guda. Wanda ya zana da ranar sakamako zai ga dogon tsauni ranar Alhamis, ya tayar wa gari hankali a banza. Zane da ranar fara ciwo shi ma yana da tarkonsa: kwanaki bakwai zuwa goma na ƙarshe kullum sukan yi kamar cutar na sauka, domin waɗanda suka kamu a kwanakin ba su iso asibiti ba tukuna. A bar wannan ɓangaren da fensir, kada a yanke hukunci da shi.

Adadin kullum ba abin dogaro ba ne a ƙaramin gari. A ce daga Litinin zuwa Lahadi an samu 9, 4, 3, 5, 1, 2, 0. Mai kallon wannan jeri zai ce alhamdulillahi, abu ya lafa. Amma taran Litinin tarin waɗanda suka yi jinya a gida ne Asabar da Lahadi, ɗayan Juma'a kuma saboda an tashi aiki da wuri ne. Abin da ya kamata a duba shi ne jimlar mako, wato 24, a kwatanta da ta makon jiya. Idan waccan 16 ce, a raba 24 da 16, ya ba da 1.5. Duk abin da ya haura 1 ƙaruwa ce, abin da ya gaza 1 raguwa. A kan 1.5, adadin zai ninka cikin kimanin kwana 12. Idan ya kai 2, to 24 za ta zama 48, ta zama 96, ta zama 192 cikin mako uku, kuma da wannan lissafin ake sanin gadaje nawa za a nema tun kafin a buƙace su. A riƙa yanke mako daga Litinin zuwa Lahadi don ya dace da makon da hukuma ke aiki da shi.

Ƙananan lambobi suna rawa ko da babu wani dalili. Daga mutum 2 zuwa 4 ba a cewa cutar ta ninka. Gida ɗaya ya isa ya kawo wannan. Idan jimlar mako ta kai 16, hawa ko saukar 4 ba labari ba ne, idan 25 ce, 5 ba labari ba ne. Sai an ga mako biyu ko uku a jere sun fuskanci waje ɗaya sannan a yi magana.

Don kwatanta gari da gari, ana mayar da adadin kan mutum 100,000. Mutum 24 a garin mutum 40,000 daidai yake da 60 cikin 100,000. Matsalar ita ce ƙidayar ƙarshe a Najeriya ta 2006 ce, saboda haka a karɓi ƙiyasin da ofishin rigakafi na ƙaramar hukuma ke amfani da shi, a tsaya a kansa har ƙarshe. Ga sanƙarau ma akwai iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya: a yanki mai mutum 30,000 zuwa 100,000, mutum 3 cikin 100,000 a mako guda gargaɗi ne, 10 kuma annoba ce. A garinmu na misali, mutum huɗu kacal a mako sun kai iyakar annoba. Inda mutane ba su kai 30,000 ba, biyu a mako gargaɗi ne, biyar annoba.

Yawan waɗanda aka tabbatar yana bin yawan gwajin da aka yi, shi ya sa ba a faɗin ɗaya ba tare da ɗayan ba. An gwada 50 an sami 5, kashi 10 cikin ɗari ke nan. Mako na gaba an gwada 200 an sami 12: adadi ya haura ninki biyu, amma kason ya sauko zuwa 6. Mako na uku kayan gwaji sun yanke, an gwada 20 an sami 8. A takarda an ragu daga 12 zuwa 8, a zahiri kashi 40 ne, wato masu tsananin ciwo kaɗai ake gwadawa, sauran suna gida. Lokacin korona, a 2020, ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar shi ne kason ya tsaya ƙasa da 5 cikin ɗari har mako biyu kafin a ce an shawo kan cutar.

Duk wannan lissafin waɗanda suka zo asibiti ne, kuma a ƙasar Hausa da yawa ba sa zuwa, musamman idan ana tsoron killacewa. Kano ta nuna haka a watan Afrilun 2020. Masu haƙar kabari ne suka fara cewa jana'iza ta yi yawa, tun adadin waɗanda gwaji ya tabbatar bai taka kara ya karya ba. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana cewa binciken da aka yi ta hanyar tambayar iyalan mamata ya nuna kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na mace-macen na iya kasancewa da alaƙa da korona. Inda ake binne mamaci ranar da ya rasu, ba takardar shaidar mutuwa, maƙabarta ita ce rajista mafi gaskiya. A nemi izinin hakimi da limamai, a samu mutum guda a kowace maƙabarta da zai riƙa ba da adadin kaburburan da aka haƙa duk mako, na manya daban, na yara daban. Dole a san abin da aka saba gani a irin wannan lokacin na shekara, domin zafin bazara da zazzaɓin cizon sauro na damina suna ƙara mace-mace ko babu annoba. Idan za a tambayi iyalai yadda ciwon ajalin ya kasance, a bari zaman makoki na kwana uku ya wuce, mace ta shiga wurin mata. A tuna kuma mutuwa na zuwa daga baya: a korona takan biyo bayan ƙaruwar masu kamuwa da mako biyu zuwa uku, don haka kaburbura na iya ƙaruwa bayan cutar ta fara sauka.

Masu kemis kuwa su ke gani da wuri. A zaɓi biyar ko shida a unguwanni daban-daban, kowane ya riƙa ja kara a takarda duk sanda aka zo neman maganin tari da zazzaɓi, ko gishirin amai da gudawa idan kwalara ake bibiya. Kullum su ɗin dai za a tambaya, ba a ƙarawa ba a ragewa. Haka unguwarzoma, wanzamai da masu unguwanni, waɗanda wasunsu sun saba da kai rahoto tun zamanin yaƙi da shan-inna.

Kowane wurin da ke ba da rahoto sai ya aiko ko da bai ga kowa ba, ya rubuta sifiri. Shiru daban, sifiri daban. A gefen jimlar mako a rubuta wurare nawa suka aiko cikin nawa. Idan ba su kai kashi 80 cikin ɗari ba, saukar da aka gani na iya zama ta rahoto, ba ta cuta ba.

Abin da za a fitar wa jama'a layi huɗu ya isa: jimlar wannan mako, ta makon jiya, yawan gwaji da kason da aka samu, sai mace-mace. Suna ba ya fita daga rajista, hoton shafinta kuma ba ya shiga WhatsApp, domin gida ɗaya aka nuna da yatsa sauran za su ɓoye marasa lafiyarsu. Unguwar da ke da mutum ɗaya ko biyu a haɗa ta da maƙwabciyarta, tunda kowa zai gane ko wane ne.

Ba a rufe rajista don an ga mako guda babu kowa. Ana ƙirgawa daga majinyaci na ƙarshe, a jira ninki biyu na mafi tsawon lokacin da cutar ke ɗauka kafin ta bayyana a jiki: kwana 28 ga korona, kwana 42 ga zazzaɓin Lassa. A duk tsawon kwanakin nan asibitoci, masu kemis da maƙabartu za su ci gaba da aiko da rahotonsu na mako, kuma mutum ɗaya ya ɓulla an koma ƙirga daga farko.