Yadda ake cire gashin ƙirji ba tare da an jawo ƙuraje ba

Cire gashin ƙirji ba wuya. Abin da ke biyo baya ne ke sa mutane da-na-sani: ƙaiƙayi, ƙuraje, sai baƙin tabo. Gashi mai murɗewa idan aka aske shi ƙwal, wajen tsirowa yakan lanƙwasa ya koma cikin fata. Don haka a bi a hankali.

Da farko a rage tsawonsa da kilifa ko almakashi, domin dogon gashi toshe reza yake yi, ta riƙa fizga. A ganina, maza da yawa su tsaya a nan ma ya ishe su. Ƙirji ya yi fes, ba yanka, ba ƙurji.

Wanda yake son ya aske duka, ya fara wanka da ruwan ɗumi kamar minti 5 gashin ya yi laushi, sannan ya shafa kumfar aski. Reza ta zama sabuwa, kuma tasa shi kaɗai. A bi yadda gashin ya kwanta, kada a tayar da shi, kada kuma a yi ta maimaita wuri guda. Idan an zo kan nono, a rufe shi da yatsa a zagaye shi. A ɗauraye da ruwan sanyi, a shafa mai marar ƙamshi, turare kuwa a haƙura da shi sai washegari. Maganar cewa aski na ƙara wa gashi kauri ba gaskiya ba ce. Bakinsa ne da aka yanke yake yin kaushi.

Man cire gashi narkar da shi yake yi, shi ya sa yana iya ƙona fata. A gwada a ɗan wuri, a jira awa 24. Kada ya wuce lokacin da aka rubuta a jikinsa, kada kuma ya taɓa kan nono. Halawa tana tumɓuke gashi daga tushe, a yi makonni 3 zuwa 4 ana hutawa, amma da zafi, kuma sai gashin ya kai rabin santimita take kama shi. Leza, wato hasken na'ura mai ƙona tushen gashi, tana rage shi sosai bayan zama da yawa. Masu duhun fata su nemi nau'in Nd:YAG a hannun ƙwararre.

'Yar uwa, 'yan silin gashi a gefen kan nono ba abin kunya ba ne, mata da yawa suna da su, ɗan almakashi ya wadatar. Amma idan gashin yana kauri yana yaɗuwa, ga al'ada ta rikice, ga ƙurajen fuska, yana iya zama alamar PCOS, wata matsala da ta shafi ƙwan mace, inda sinadarin maza da ake kira androjin ke yawa a jiki. Reza ba ta maganin wannan, ki ga likita a duba. Idan kuwa cikin 'yan watanni ya taso, murya kuma ta fara kauri, kada ki jinkirta.